Kujerar da Ba a Amince da Ita Ba: Sauya Wurin Zama da Asarar Rayuka a Ƙananan Jiragen Sama

Ƙananan jiragen sama, wato waɗanda ke ɗaukar mutum biyu zuwa goma sha wani abu, sun fi manyan jiragen fasinja yawa nesa ba kusa ba, kuma da su ake koyar da tuƙi, da feshin gonaki, da kai magani da ɗauko marasa lafiya daga wuraren da mota ba ta isa, da yawon buɗe ido, da ɗaukar masu wasan dirowa da laima daga sama. Su ne kuma suka fi yawan faɗuwa, domin a Amurka kaɗai, inda aka fi ko'ina yawan irin waɗannan jirage, ana samun haɗari fiye da 1,000 a cikinsu kowace shekara, kuma mafi yawan mutanen da ke rasa rayukansu a haɗarin jirgin sama a ƙasar a cikin ƙananan jirage suke mutuwa. Idan ana maganar musabbabin waɗannan haɗurra, hankalin jama'a yakan tafi ga lalacewar inji ko munin yanayi ko kuskuren matuƙi, alhali akwai wani abu da ke yawan fitowa a rahotannin masu bincike wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne wurin da aka zaunar da mutane a cikin jirgin, da abin da suka zauna a kai, da abin da aka ɗaure su da shi, da kuma ko hukuma ta taɓa duba wannan tsari ta amince da shi.

Fahimtar dalilin da ya sa kujera take da wannan matsayi tana buƙatar sanin iyakoki biyu da kowane jirgi ke da su. Ta farko ita ce iyakar nauyi, wato mafi girman nauyin da fukafukai da inji za su iya ɗagawa cikin aminci. Ta biyu, wadda ta fi ɓoyuwa ga ido kuma ta fi saurin kisa, ita ce iyakar cibiyar nauyi. Cibiyar nauyi ita ce wurin da nauyin jirgin gaba ɗaya ya tattaru, ta yadda da za a rataye jirgin da igiya daga daidai wannan wuri, zai tsaya bai karkata gaba ko baya ba. Masu ƙera jirage suna tsara su ne yadda cibiyar za ta kasance kusa da inda fukafukai ke ɗagawa, sannan ƙaramin fiffiken da ke wutsiya ya riƙa daidaita hancin jirgin, ya ɗaga shi ko ya sauke shi bisa umarnin matuƙi. Idan cibiyar ta matsa baya fiye da kima, sai hancin ya riƙa ɗagawa da kansa, ƙarfin wutsiyar kuma ya kasa mayar da shi ƙasa, kuma da zarar hancin ya miƙe sama ya wuce wani mizani, iskar da ke bi ta kan fukafukai sai ta rabu da su, ƙarfin ɗagawa ya yanke, jirgin ya karkata gefe ɗaya ya rikito. Wannan yakan faru ne cikin daƙiƙoƙin farko bayan tashi, lokacin da jirgin bai yi nisa da ƙasa ba kuma bai samu gudu sosai ba, saboda haka matuƙi ba ya samun sararin da zai gyara.

Jirgin Cessna 172, wanda aka fi ƙera irinsa a tarihin jiragen sama, ya isa misali. Samfurinsa na yanzu ba a yarda ya tashi da nauyin da ya wuce kilo 1,157 ba, kuma abin da ya rage na mutane da kaya da mai bayan an cire nauyin jirgin kansa kimanin kilo 400 ne, wanda mai kaɗai yake cinye kusan kilo 145 idan an cika tankuna. Ma'anar wannan ita ce jirgin da ke da kujeru huɗu sau da yawa ba zai iya ɗaukar manya huɗu da cikakken mai ba. Tazarar da aka yarda cibiyar nauyinsa ta yi yawo a ciki kuwa kimanin santimita 31 ce idan jirgin ba shi da nauyi sosai, kuma tana raguwa zuwa kimanin santimita 16 idan an cika shi, wato abin da bai kai tsawon tafin hannun babban mutum ba. Saboda nauyin da aka ajiye nesa da cibiya ya fi tasiri a kan wanda ke kusa da ita, yaro guda da aka zaunar a can ƙarshen jirgi yana iya matsar da cibiyar fiye da yadda ƙaton namiji da ke zaune kusa da fiffike zai yi. Wanda ya saba da motocin haya a tasha ya san yadda ake cusa benci a tsakanin kujeru ko a bayan mota don a ƙara fasinja, motar ta tafi tana jan gindi amma ta isa. Jirgi ba ya ba da wannan rangwame, domin mota tana kan ƙasa ne ko da ta karkata, shi kuwa jirgi daidaiton nauyinsa ne yake riƙe shi a sama.

A ranar 30 ga Nuwamba 2019, wani jirgi ƙirar Pilatus PC-12 ya tashi daga garin Chamberlain a jihar Dakota ta Kudu a Amurka ɗauke da mutum 12 'yan dangi ɗaya da suka dawo daga farauta, alhali kujeru 10 ne a cikinsa, kuma bai daɗe da barin ƙasa ba ya faɗi a wata gona, mutum 9 suka mutu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano cewa jirgin ya haura iyakar nauyinsa da kimanin kilo 49, wanda ba wani abu mai yawa ba ne ga jirgi irin wannan, amma cibiyar nauyinsa ta wuce iyakar baya da santimita 10 zuwa 14, kuma ga dukkan alamu mutum biyun da ba su da kujera a kan hanyar da ke tsakanin kujeru suka zauna. An yi ƙanƙara a daren da ya gabaci tafiyar, yanayin kuma bai da kyau, amma hukumar ta ambaci lodin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba a cikin abubuwan da suka taimaka wajen ƙwacewar jirgin daga hannun matuƙi. Shekaru goma kafin wannan, a ranar 22 ga Maris 2009, wani jirgi irinsa mai kujeru 10 ya faɗi a wata maƙabarta kusa da filin jirgin Butte a jihar Montana da mutum 14 a ciki, 7 daga cikinsu ƙananan yara, kuma babu wanda ya tsira. Asalin musabbabin wannan haɗari ƙanƙarar da ta toshe hanyar mai ce, saboda matuƙin bai zuba sinadarin hana mai daskarewa ba, kuma ya yi jinkirin sauka bayan matsalar ta bayyana. Hukumar ta faɗi a fili cewa ƙarfin faɗuwar ya wuce abin da jikin ɗan Adam zai jure ko da kowa yana ɗaure. Duk da haka ta nuna damuwa ƙwarai da ganin cewa aƙalla yara huɗu ba a ɗaure suke yadda ya kamata ba, ta kuma nemi a wajabta wa kowane mai hawa jirgi kujerarsa da ɗamararsa. Haɗarin da ya kashe mawaƙiyar nan ta Amurka, Aaliyah, da wasu mutum 8 a tsibiran Bahamas ranar 25 ga Agusta 2001 shi ma na wannan layi ne, domin jirgin Cessna 402 da suka hau ya haura iyakarsa da kimanin kilo 320, kuma mutanen da ke ciki sun fi adadin da aka amince masa.

Daidaito ɓangare ɗaya ne na aikin kujera. Ɗaya ɓangaren yana bayyana ne a lokacin da jirgi ya riga ya bugi ƙasa, kuma a nan ne bambanci tsakanin kujerar da aka gwada da wadda aka ƙirƙira a gareji yake zama bambancin rai da mutuwa. Yawancin haɗurran ƙananan jirage ba sa wargaza ɗakin fasinja gaba ɗaya, kuma mutane da yawa da suka mutu a cikinsu sun mutu ne saboda jikinsu ya ci gaba da tafiya bayan jirgin ya tsaya, ya bugi allon na'urori ko bayan wata kujera ko wani fasinja. Injiniyoyi suna auna ƙarfin irin wannan tsayawa ta farat ɗaya da ninkin nauyin jiki. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta buƙaci kujerar ƙaramin jirgi da maɗaurinta su jure ninki 9 na nauyin mai zama ta fuskar gaba, wato mutum mai kilo 77 zai ja kujerarsa da ƙarfin da ya kusa kilo 700. A shekarar 1988 aka tsaurara ƙa'idar ga sababbin ƙire-ƙire, aka wajabta gwaji mai motsi, inda ake ɗaure mutum-mutumi mai kilo 77 a kan kujerar, a harba ta a kan dogo sannan a tsayar da ita nan take, kuma dole kujerun layin gaba su jure ninki 26, na baya kuma ninki 21. Akwai gwaji na biyu na faɗuwa ta ƙasa, wanda a cikinsa ba a yarda matsin da ke sauka a kan ƙashin bayan mutum-mutumin ya wuce kimanin kilo 680 ba, domin daga nan ne ƙashin baya ke fara karyewa.

Wannan gwaji na biyu yana bayyana wani abu da masu gyaran gida ba su cika sani ba, wato ana ƙera kujerar jirgi ne yadda za ta lanƙwashe a hankali ta shanye wani kaso na bugun kafin ya isa jikin mutum. Kujerar da aka yi wa walda da ƙarfe mai kauri don ta yi ƙarfi tana miƙa bugun gaba ɗaya zuwa ƙashin baya, akwatin katako ko jakar kaya da aka zauna a kai kuwa ba su da abin da za su shanye. Haka nan wurin da aka kafe kujera da ɗamara yana da muhimmanci, domin daɓen ƙaramin jirgi siririn falle ne na alminiyam wanda ba zai riƙe irin wannan ƙarfi ba, kuma sai an ɗaure a jikin ginshiƙan da ke ƙarƙashinsa, waɗanda aka yi lissafinsu tun wajen zane. Ɗamarar da aka kafe a kusurwar da ba daidai ba takan zame daga ƙashin ƙugu ta hau ciki, ta yi wa hanji da saifa illa. Saboda irin waɗannan dalilai ne Amurka ta wajabta ɗamarar kafaɗa ga kujerun gaba na ƙananan jiragen da aka ƙera bayan Yulin 1978, sannan ga dukkan kujeru a waɗanda aka ƙera bayan Disambar 1986, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta ce amfani da ɗamarar kafaɗa na iya rage munanan raunuka da kashi 88 cikin ɗari, mace-mace kuma da kashi 20.

Doka ba ta hana sauya tsarin zama a jirgi ba, abin da ta hana shi ne sauyawa ba tare da an bi hanyar tabbatarwa ba. Kowane samfurin jirgi yana da takardar shaidar ƙira, wadda hukumar ƙasar da aka ƙera shi ke bayarwa, kuma a cikinta an rubuta adadin kujeru da wurin kowacce da iyakokin nauyi. Wanda ke son ƙara kujera ko sauya maɗaurinta dole ya yi amfani da zanen da hukuma ta riga ta amince da shi, sau da yawa ta hanyar ƙarin takardar shaidar ƙira da ake ba kamfanin da ya tsara sauyin ya kuma gwada shi, sannan injiniya mai lasisi ya yi aikin, ya rubuta shi a kundin jirgin, a sake lissafin nauyi da cibiya, a gyara littafin da matuƙi ke aiki da shi. A Amurka ana rubuta manyan sauye-sauye a fom mai lamba 337. Kamfanin Cessna da kansa ya taɓa samar da ƙaramar kujerar yara da ake sawa a wurin kaya na wasu samfuran 172, tare da iyakar kilo 54, wanda ke nuna cewa ƙarin kujera abu ne mai yiwuwa idan an yi lissafinsa. Masu jirage da yawa suna kallon wannan hanya a matsayin tarin takardu da kashe kuɗi, amma a gaskiya takardar shaida ce kawai ta cewa wani mai ilimin abin ya yi lissafin da fasinja ba zai iya yi wa kansa ba, kuma inda babu takardar, galibi lissafin ma ba a yi shi ba.

Cire kujeru ma sauyi ne, kuma ya ci rayuka masu yawa, musamman a jiragen masu dirowa da laima, inda ake kwashe kujerun baya a zaunar da mutane a daɓe. A wani rahoto na musamman da NTSB ta fitar a 2008, ta ƙirga haɗurra 32 na irin waɗannan jirage tun daga 1980, waɗanda suka kashe mutum 172, kuma rashin lissafin nauyi da raunin abin ɗaure fasinja suna cikin matsalolin da suka riƙa maimaituwa. Haɗarin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na Fox Glacier a ƙasar New Zealand, ranar 4 ga Satumba 2010, inda wani jirgi ƙirar Fletcher FU-24 ya miƙe sama sosai bayan tashi, ya karkata ya faɗo, ya kashe matuƙi da malaman dirowa huɗu da 'yan yawon buɗe ido huɗu. Asalin jirgin na watsa taki ne a gonaki, kuma watanni uku kacal kafin haɗarin aka cire rumbun takin aka mayar da shi na ɗaukar mutane. Rahoton hukumar binciken ƙasar na 2012 ya nuna cewa kamfanin da ya yi aikin bai bi matakan da suka dace ba, littafin matuƙi bai dace da sabon tsarin jirgin ba, masu jirgin ba sa lissafin nauyi da cibiya kafin tashi, fasinjojin kuma ba su da abin ɗaurewa, sannan jirgin ya haura iyakarsa da kilo 17 kuma cibiyarsa ta wuce iyakar baya.

Labarin bai tsaya nan ba, kuma adalci ya wajabta a faɗi sauransa. Bayan ƙorafin iyalan mamatan da sukar da wasu masana suka yi, hukumar ta sake duba tarkacen jirgin, ta yi gwaje-gwajen tashi da irinsa, kuma a 2015 ta janye hukuncinta na farko, ta ce da wuya nauyi da cibiya kaɗai su zama musabbabin faɗuwar, kuma mai yiwuwa akwai wani dalili da ba a iya tantancewa ba. Wannan bai wanke sauyin da aka yi wa jirgin ba, domin kurakuran da aka gano a aikin suna nan yadda suke, kuma jirgin da cibiyarsa ke baya, mutanen cikinsa kuma za su iya zamewa zuwa wutsiya da zarar hanci ya ɗaga, ya fi wuyar cetowa ko mene ne ya fara tayar da matsalar. Abin da wannan haɗari ke nunawa, wanda kuma ya yi daidai da yawancin sauran, shi ne sauyin wurin zama ba kasafai yake zama musabbabi shi kaɗai ba, aikinsa shi ne cinye rarar amincin da masu ƙira suka bari, ta yadda ƙaramar matsalar da jirgi mai daidaito zai tsallake sai ta zama ajali. Hukumar sufurin jiragen New Zealand ta taƙaita adadin masu dirowa a irin wannan jirgi zuwa shida jim kaɗan bayan haɗarin, kuma a 2011 ƙasar ta fara aiki da sabuwar ƙa'ida ta musamman ga masu ɗaukar fasinja don wasannin kasada a sama.

Kujerar matuƙi kanta tana da tata matsalar. A ƙananan jiragen Cessna da yawa kujerar tana gudu ne a kan dogo biyu na alminiyam, wata ƙusa kuma tana shiga rami ta tsayar da ita, kuma idan ramukan suka cinye ko ƙusar ba ta zauna sosai ba, kujerar takan zame baya a daidai lokacin tashi. Matuƙin da kujera ta tafi da shi baya yakan riƙe sitiyari da ƙarfi ba da niyya ba, ya ja shi zuwa jikinsa, hancin jirgin ya miƙe, ƙafafunsa kuma su kasa kaiwa ga fedoji. FAA ta wajabta binciken waɗannan dogaye tun 1987, ta kuma sabunta umarnin a 2011, inda ake duba su bayan kowace awa 100 ta tashi ko sau ɗaya a shekara. A haɗarin Caboolture da ke jihar Queensland ta Ostareliya, ranar 22 ga Maris 2014, wani Cessna 206 na masu dirowa da laima ya faɗi bayan tashi ya kama wuta, mutum 5 suka mutu, kuma ko da yake wutar ta hana masu bincike tantance musabbabin, sun gano cewa ba a sa wa kujerar matuƙin birki na biyu da kamfanin Cessna ya ce lallai a sa ba, kuma babu dokar da ta tilasta sa shi a lokacin.

Akwai kuma inda abin ɗaurewar da ba a amince da shi ba ya zama shi ne makashin kai tsaye. A ranar 11 ga Maris 2018, wani jirgi mai saukar ungulu da aka cire wa ƙofofi don masu ɗaukar hoto ya faɗa kogin East River a birnin New York, matuƙin ya fita da ransa, fasinjoji 5 kuma suka nutse. Bayan ɗamarar jirgin ta asali, an ɗaure kowane fasinja da wata ƙarin ɗamara ta jiki da igiyar da aka maƙale ta bayansa da ƙugiya mai kulle, tsarin da FAA ba ta taɓa gwadawa ba. NTSB ta gano cewa jelar igiyar fasinjan da ke gaba ce ta maƙale a hannun da ke yanke mai, wanda ke daɓen jirgin, injin ya mutu, kuma bayan jirgin ya sauka a ruwa ya kife, babu ɗaya daga cikin fasinjojin da ya iya kwance kansa. Waɗanda suka tsara wannan ɗamara sun yi tunanin hana mutum faɗowa ta ƙofa, ba su yi tunanin fitarsa cikin ruwa mai sanyi da duhu ba, kuma irin wannan tambaya ta biyu ita ce ainihin abin da hanyar neman amincewar hukuma take tilasta a yi. Batun fita yana shafar adadin kujeru ma. A jirgin Cessna 206, ƙofar baya ba ta buɗuwa da sauƙi idan an sauke faifan bayan fiffike da ake saukewa wajen tashi da sauka, saboda haka hukumar Kanada ta amince da sabon samfurinsa ne da mutum biyar maimakon shida, a cire kujera ɗaya ta tsakiya domin na baya su samu hanyar isa ƙofar gaba.

Dalilan da ke sa mutane yin waɗannan sauye-sauye ba ɓoyayyu ba ne. Mai jirgin haya yana samun ƙarin kuɗi da kowane ƙarin fasinja, mai jirgin kansa yana jin nauyin ya bar ɗan'uwa ko yaro a ƙasa, sassan da aka amince da su suna da tsada, kuma jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima sau da yawa yakan tashi ya sauka lafiya, abin da ke ƙara wa mai shi ƙwarin gwiwar maimaitawa. Sa ido a kan jiragen masu zaman kansu kuma ya yi ƙasa ƙwarai da na kamfanonin fasinja, domin babu jami'in da ke tsayawa ya ƙirga mutanen da suka shiga, wani lokaci ma ita kanta dokar tana da sassauci. Shekaru da dama fassarar da FAA ke yi wa ƙa'idarta ta ba da damar mutum biyu su yi tarayya a kujera ɗaya da ɗamara ɗaya a tafiyar da ba ta kasuwanci ba, kuma sai a 2012, bayan haɗarin Butte, ta fayyace cewa hakan ba ya halatta sai idan an amince wa ɗamarar da wannan amfani, ba a wuce ƙarfin kujerar ba, kuma littafin jirgin bai hana ba. Har yanzu kuma ana barin a riƙe yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya, alhali babu hannun uwa ko uba da zai iya riƙe jariri mai kilo 10 idan nauyinsa ya ninka sau ashirin. Wannan sassauci abin takaici ne, domin waɗanda ya fi cutarwa su ne waɗanda ba su da ta cewa a kan inda aka zaunar da su.

Ƙa'idojin da aka bayyana ba na Amurka ko Turai kaɗai ba ne. Najeriya da Nijar da maƙwabtansu suna cikin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, kuma kowace ƙasa ta ɗauki nauyin tabbatar da lafiyar jiragen da ta yi wa rajista. A Najeriya hukumar NCAA ce ke amincewa da sauye-sauyen da ake yi wa jirage, hukumar NSIB kuma ita ke binciken haɗari. Zafin ƙasashen Sahel ma yana ƙara wa batun nauyi, domin iska mai zafi ba ta da kauri, kuma jirgin da zai ɗaga wani lodi da sanyin asuba yana iya kasa ɗaga shi da azahar a watan Afrilu, musamman daga fili mai tudu kamar na Jos.

Wanda zai hau ƙaramin jirgi ba zai iya karanta kundin gyaransa ba, amma yana iya ganin abubuwan da ido ke gani. Yana da haƙƙin ya samu kujerar da aka kafe a jikin jirgi da ɗamararsa shi kaɗai, wadda zai iya kwancewa da hannu ɗaya, ya kuma san ƙofar da zai fita da yadda ake buɗe ta. Matuƙin da ya tambayi nauyin fasinja, ko ya ɗora kaya a sikeli, ko ya sauya wa wani wurin zama, ko ya ce mutum ɗaya ya jira wani sawu, aikinsa yake yi yadda ya kamata, kuma bai dace mai kuɗi ko mai muƙami ya matsa masa ya sauya magana ba. Idan mutanen da za su hau sun fi kujerun yawa, ko aka nuna wa fasinja benci ko akwati ko daɓe aka ce ya zauna, to ya ƙi hawa, ya kuma kai rahoto ga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar.